Amsoshin Tambayoyinku: Yini ɗaya zai ishe mu Gashaka-Gumti?

Wasiƙar wannan makon daga Jalingo ta fito, daga hannun wani matashi ma'aikacin gwamnati. Ya ce shi da abokansa uku sun daɗe suna jin labarin gandun dajin Gashaka-Gumti, har abin ya fara ba su kunya, a ce suna zaune a Taraba amma baƙi daga Legas da Turai sun riga su ganinsa. Ga shirin da suka tsara: su tashi daga Jalingo bayan sallar asuba ranar Asabar a ƙaramar motar ɗayansu, su shiga gandun, su hau dutsen Chappal Waddi su ɗauki hoto a ƙololuwarsa, su ga namun daji, sannan su juyo su yi isha'i a gida. Yana tambaya ko hakan zai yiwu, wane wata ya fi dacewa, kuma me ya kamata su riƙe.

To ɗana, na ji daɗin wannan tambaya, kuma gara da ka yi ta tun kuna gida. Ziyarar yini ɗaya a Gashaka-Gumti tana yiwuwa, tana kuma da daɗi ƙwarai. Sai dai a cikin shirin naku akwai abubuwa biyu da za a cire kafin sauran su zauna daidai: tashi daga Jalingo a ranar, da hawan Chappal Waddi. Bari in bi maka su ɗaya bayan ɗaya, domin in ka ga dalilin, kai da kanka za ka iya tsara irin wannan tafiya zuwa kowane dutse.

Mu fara da girman wurin. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400, wato jihar Legas gaba ɗaya za ta shige cikinsa har a sami ragowar fili mai yawa. Ya ratsa jihohi biyu, Taraba da Adamawa, yana jingine da iyakar Kamaru. A 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe gandaye biyu, na Gashaka a kudu da na Gumti a arewa, ta mai da su guda. Ɓangaren arewa, wanda ake shiga ta Toungo a Adamawa, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Duwatsun da kurmin da kuke nema suna ɓangaren kudu, kuma ƙofarsu ita ce Serti, hedikwatar ƙaramar hukumar Gashaka, inda fadar Lamɗo Gashaka take, inda kuma ofishin gandun yake. Wuri mai wannan girma, abin da yini ɗaya zai ba ka shi ne lungu guda daga cikinsa. Aikinku shi ne zaɓen lungun.

Daga Jalingo za ku bi ta Bali kafin ku kai Serti, kuma wannan hanya kaɗai takan cinye kusan rabin yini, ko da mota lafiyayya ce. Ka lissafa zuwa da dawowa, za ka ga rana ta ƙare a kan kwalta, abin da za ku gani na gandun bai wuce allon ƙofarsa ba. Shawarata ita ce ku nemi hutun ranar Juma'a. Ku tashi da safe, ku yi sallar Juma'a a hanya ko a Serti, ku isa ofishin gandun tun ma'aikata ba su tashi ba. A nan za ku biya kuɗin shiga, a rubuta sunayenku, a haɗa ku da jami'in da zai raka ku, ku yanke lokacin haɗuwa da safe. Ku kwana a Serti, Asabar ta zama ta daji tun daga fitowar rana har faɗuwarta, ku sake kwana, Lahadi ku kamo hanyar gida da safe. Kada ku bi wannan hanya da dare, kuma kafin ku taso ku tambayi direbobin tasha da ofishin gandun halin da hanyar take ciki a makon, ta fuskar tsaro da ta gadoji. Direban da ya biyo ta jiya ya fi kowace taswira sanin ta.

Yanzu ga maganar Chappal Waddi. Na san dalilin da ya sa ranku ya kwanta a kansa, ai shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 daga doron teku. Wasu na kiransa Gangirwal, ana kuma yi masa laƙabi da dutsen mutuwa, sunan da ke ƙara wa matasa kwaɗayinsa. Amma yana can kan iyakar Kamaru, nesa da duk inda mota ke kaiwa, kuma masu hawansa kwanaki suke yi suna tafiya a ƙafa, da 'yan dako da tanti da abincin dahuwa. Da yawa ma ta tudun Mambila suke ɓullo masa, ta wajen Nguroje, don su rage hawa. Idan sama ta washe kana iya hango manyan duwatsu a gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, to ka tuna hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsakaninka da wancan dutsen akwai kwaruruka da rafuka da kurmi waɗanda ido ke tsallakewa, ƙafa kuwa sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani ɗan lissafi da masu hawan dutse suke amfani da shi, zai yi maka amfani har bayan wannan tafiya. Wani ɗan ƙasar Sikotland mai suna William Naismith ne ya fito da shi a 1892. Ya ce ka ba kowace kilomita 5 ta tafiya sa'a ɗaya, sannan ka ƙara sa'a ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. A ce jagora ya gaya maka zuwa wani tudu da dawowa kilomita 8 ne, hawansa kuma mita 600. Kilomita 8 za ta ci sa'a ɗaya da minti 36, hawan ya ci sa'a guda, jimla kusan sa'a biyu da rabi da 'yan mintoci. Sai dai Naismith ya yi lissafinsa ne da ƙaƙƙarfan mutum wanda ya saba, a ƙasa mai sanyi, ba tsayawa shan ruwa, ba ɗaukar hoto, ba sallah. Ku kuwa ma'aikatan ofis ne da kujera ta saba da ku, ga zafin rana. Saboda haka in lissafi ya ba ka sa'a biyu da rabi, ka rubuta huɗu. Kuma da mafi raunin cikinku za a auna, domin ayari ba ya wuce saurin na bayansa. A cikin abokai huɗu da wuya a rasa ɗaya mai tumbi, kuma galibi shi ne ya fi kowa cika baki a mota.

Da wannan lissafi a hannu sai ka juya ka dubi rana. A wannan yanki rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 na yamma a watannin sanyi, kuma duhu ba ya jira, balle a cikin kurmi ko a kwari inda dutse ke tare haske tun kafin magariba. Don haka tun a daren Juma'a ku zauna ku yanke abin da nake kira lokacin juyawa: wani ƙarfe da in ya buga za ku juya, ko kun kai inda kuka nufa ko ba ku kai ba. Ni zan ce ƙarfe 2 na rana in kuna kan ƙafa a nesa da mota. Dalilin yanke shi tun da dare shi ne, a kan dutse kowa yakan zama lauya. Ƙololuwa tana gabanku, wani zai ce saura kaɗan, wani ya ce ai mun riga mun sha wahala. Wannan "saura kaɗan" ita ce take sa mutane gangarowa da hasken waya. In an yi alkawari tun kowa na cikin hayyacinsa, ba a buɗe muhawara a kai.

To me za ku gani a yinin? Daga Serti akan shiga ta ƙofar Bodel, kudu da garin kaɗan, a bi hanyar burji zuwa ƙauyen Gashaka, wanda gandun ya ci sunansa. A hanya akwai kogin Kam, ko Mayo Kam kamar yadda mutanen wurin ke faɗa, domin "mayo" kogi ne da Fulatanci. A kan wannan kogi akwai wani gurbi mai zurfi da dorinai ke zama, kuma yana cikin wuraren da aka fi kai baƙi. Kusa da ƙauyen Gashaka akwai tudun da ke ɗauke da kufan sansanin sojan Jamus. Kada ka yi mamakin jin Jamus a nan. Wannan ƙasa tana cikin Kamarun da Jamusawa suka mulka kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ta koma hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙo, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo Najeriya. Hawan wannan tudu daidai ƙarfinku ne, zai ba ku ɗanɗanon dutse ba tare da ya karya ku ba, kuma daga samansa za ku gane dalilin da ya sa soja ya zaɓe shi, duk mai tahowa ta kwarin yana tafin hannunka. Gurbin dorina da sassafe, tudun Jamusawa kafin rana ta take, abincin rana a inuwar bakin kogi, sai juyowa. Wannan cikakken yini ne. In jagoranku ya ba da wani tsarin daban saboda yanayin hanya ko ruwa, ku bi nasa ku bar nawa.

Akwai wani zato da nake so in gyara maka a hankali, don kada ku dawo kuna cewa an cuce ku. Yawancinmu da Yankari muke auna gandun daji: a hau buɗaɗɗiyar mota a zagaya, a yi sa'a a ga garken giwaye, a dawo a faɗa ruwan Wikki. Gashaka ba haka take ba. Kada ku sa ran giwa ko zaki. Dabbobinta na kurmi ne da dutse, masu kunya, kuma sun fi jin ku kafin ku gan su. Akwai ɓauna da mazo da gada da gwambaza da mugun dawa, akwai damisa wadda ko ma'aikatan da suka shekara a ciki ba kasafai suke haɗuwa da ita ba. Abin da ya fi sauƙin gani shi ne birai: gwaggon biri a bakin hanya, kirka, da wani kyakkyawan biri baƙi mai farin gashi da ke zubo masa a kafaɗa kamar alkyabba, da doguwar jela, wanda ke tsalle a can saman itatuwa. Tsuntsaye kuwa an ƙidaya fiye da iri 500 a gandun. In ɗayanku na da madubin hangen nesa, ko zai iya aro, ya fi babbar kyamara amfani a nan.

Abin da ya ɗaga sunan Gashaka a duniya shi ne cimpanzi, birin nan maras jela mai kama da mutum. Irin da ke nan na yankin Najeriya da Kamaru ne kaɗai, kuma wannan gandu na cikin manyan mafakarsa da suka rage. A shekarar 2000 masana suka fara nazarinsu a kurmin Kwano, sun kuma ga yadda suke gyara tsinke su zura a rami su ɗebo zuma ko kwarkwasa su ci, da yadda kowane dare suke lanƙwasa rassa su yi shimfiɗar kwana a saman itace. Amma Kwano tafiyar sa'o'i ce a ƙafa daga ƙauyen Gashaka, kuma ko wanda ya kwana a can ba a yi masa alkawarin ganinsu, ya fi samun jin ihunsu daga nesa ko ganin tsohuwar shimfiɗarsu. Ku ajiye wannan sai zuwa na gaba.

Game da wata, ku zaɓi tsakanin Disamba da Maris. Damina a kudancin gandun doguwa ce, takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, har ta taɓa Nuwamba, kuma ruwan da ke sauka a waɗannan duwatsu ya ninka wanda muka sani a Kano ko Sakkwato. Shi ne ke cika kogin Taraba, wanda ke zuba cikin Binuwai. A lokacin hanyoyin burji sukan zama taɓo, koguna su hana ƙetarawa. Idan kun isa bakin Mayo Kam da rani, ruwan ya ja baya, yashi da duwatsu a fili, ka ɗaga kai ka dubi itatuwan gaɓa. Za ka ga busasshiyar ciyawa da ƙiraruwa maƙale a rassa, sama da kanka, duk sun karkata gefe guda kamar an taje su. Nan ruwa yake kaiwa. Kuma kogin dutse yana da wata ɗabi'a da ɗan tudu bai sani ba: ana iya tafka ruwa a can saman duwatsu, kai kana ƙasa rana na dukanka, cikin ɗan lokaci rafin da ka ƙetara a idon sawu ya taso ya kai ƙirji. In ka ga ruwan rafi ya fara sauya launi zuwa ja, yana ɗauko ganye da itace, ka fita daga cikinsa ka hau gaɓa, kada ka tsaya neman takalmi.

Ranin ma da nasa cikas, gara in faɗa maka. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe nesa, ka hau tudu da kyar ka tarar duwatsun da ka zo gani sun zama inuwa fara-fara. Maris kuwa zafi ne a kwari. Ni dai na fi son ƙarshen Disamba zuwa Janairu: safiya da sanyi, ruwa ya sauka, ciyawa ta ragu har ido na iya ratsa daji.

Ƙaramar motar abokinka za ta kai ku Serti, a nan aikinta ya ƙare. Cikin gandun sai mota mai tsayi mai ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux. Ku tambayi ofishin tun kafin ku zo ko za a samu ta haya, ko kuma a shirya muku babura da matuƙan da suka san hanyar. Ku cika tanki a gari, ku duba safaya taya da jak da ruwan lagireto. Ku riƙe tsabar kuɗi, kuɗin shiga da na mota da ɗan abin da za ku ba jagora na alheri, domin inda babu sabis ba a maganar tura kuɗi ta waya. Wannan rashin sabis ɗin shi ne kuma dalilin da zai sa ku bar saƙo a gida da wurin mai masaukinku: ga inda muka nufa, ga wanda ya raka mu, ga lokacin da za mu dawo, in ƙarfe kaza ta wuce ba ku ji mu ba ku tuntuɓi ofishin gandu.

Kada ka ɗauki jami'in rakiya a matsayin wani haraji da aka ɗora muku. Doka ce a shiga da shi, kuma ko ba doka ba, da ɗan gari akan ci gari. Hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa ce ke riƙe da wurin, kuma tun 2017 take aiki tare da wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors wajen horar da masu gadi da sintiri. Mutanen nan aikinsu ba wasa ba ne, suna fama da mafarauta da masu saran madobiya, itacen da a Taraba ake kira Madrid, wanda aka yi ta lodinsa zuwa ƙasar Sin. Shi jagora zai nuna maka sawu a yashi ya ce mazo ne ya wuce da asuba. Shi zai hana ka tsayawa tsakanin dorina da ruwa, wanda shi ne wuri mafi haɗari a bakin kogi, domin dorina da dare take fita kiwo, da safe ta komo, kuma duk abin da ta tarar a kan hanyarta ba ta kauce masa. Shi ne kuma zai ce a nan ana wanka, a can akwai kada. Inda bai ce a shiga ba, kada a shiga.

Sai kaya. Zan fara da takalmi saboda a nan na taɓa jin jiki. Shekarun baya, ana gobe za mu hau wani dutse, na shiga kasuwa na sayi sabon takalmi mai kauri, ina taƙama. Kafin mu yi sa'a biyu dugadugaina duka biyu sun yi bororo, kafin azahar sun fashe, safa ta manne da nama. Na zauna a kan wani falalen dutse ina ɓare ta a hankali ina cije leɓe, yaron da ke mana jagora yana tsaye da tsohon kambas ɗinsa mai huda a babban yatsa, yana ta yi mini sannu yana danne dariya. Da aron silifa na sauko, ina dafa kafaɗar mutane. Saboda haka tsohon takalmin da ƙafarka ta sani, mai rufi, mai ƙasa mai kama dutse, shi za ka sa. In sabo ne ka yi mako biyu kana zuwa aiki da shi. Ka riƙe safa ta biyu da filasta, kuma da ka ji wuri ya fara zafi ka tsaya ka manna, kada ka jira ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tufafi kuwa dogon wando da riga mai dogon hannu, masu launin ƙasa ko kakin soja. Ka bar shuɗi da baƙi a gida, domin ƙudan tsando launukan nan biyu ke jawo shi, kuma cizonsa yana ratsa yadi maras kauri. A bakin koguna masu gudu akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai cizo, shi ne ke yaɗa cutar makantar nan ta mazauna bakin kogi. Cutar ta fi kama wanda ya shekara yana shan cizo, amma ƙaiƙayin kaɗai ya isa ya sa ka rufe ƙafa ka shafa maganin korar ƙwari. Hula mai baki, da gidan sauro don kwanan Serti. Ka sa rigar sanyi ɗaya a jaka. Ƙa'idar ita ce duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi, shi ya sa mutum zai bar Serti yana gumi ya isa Gembu yana neman bargo. Ku da ba za ku yi nisa a sama ba, sanyin asuba a bayan buɗaɗɗiyar mota ne zai sa ku gode wa rigar.

Ruwa aƙalla lita 3 ga kowane mutum, da wata jarka a mota. Ruwan rafin dutse yana da haske da sanyi, yana kiran mutum, amma ba ka san abin da ya sha ko ya mutu a samansa ba, don haka na alwala ne da wanke fuska. Ku riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis, in babu ku haɗa da kanku: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara ciwon kai da jiri, ko jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, a zaunar da shi a inuwa a ba shi yana kurɓa. Abinci mara nauyi wanda rana ba ta lalatawa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi ko dambun nama, burodi. A ci kaɗan-kaɗan a kai a kai. Wanda ya narki tuwo kafin hawa zai gane kurensa. Kada a jefa wa gwaggon biri komai, in ya saba sai ya fara ƙwace. Ledar da ta shiga da ku ta fito da ku, mai shan taba kuma ya haƙura har a fito, domin guntun sigari ɗaya a ciyawar Janairu ya isa ya cinye gefen dutse. Tocila ta gaske ɗaya ga kowa, ko da kun yi niyyar dawowa da rana. Tafiyarku ta kai ta kasaru, ƙaramar darduma ba ta da nauyi, kuma sallar azahar a kan yashin Mayo Kam tana cikin abubuwan da za ku daɗe kuna tunawa.

Na san wani a cikinku zai tambayi maciji. Akwai su, kamar kowane daji, amma mai takalmi da dogon wando da ke bin sawun jagora, ba ya zura hannu a ramin dutse, da wuya ya gamu da matsala. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗauki mutumin a nufi asibiti.

Abu ɗaya da sabon mahayi ba ya zato shi ne saukowa ta fi hawa haɗari. A hawa numfashi ne ke wahala, a sauka kuwa gwiwa ce ke ɗaukar nauyi, ga gajiya, ga ɗokin isa mota, ga tsakuwa mai gangarowa ƙarƙashin ƙafa. Yawancin targaɗe a nan ake samunsa. Ku gajarta taku, ku bar tazara tsakaninku don kada dutsen da na sama ya tunkuɗo ya sami na ƙasa, kowa ya riƙe sanda. Fulanin da ke kiwo a kan tuddan gandun, irin su Chappal Hendu, wato tudun iska, ba don ado suke yawo da ita ba. In kun gamu da su ko da mutanen ƙauyukan ciki, ku yi sallama ku gaisa sosai, ku nemi izini kafin ku ɗaga waya ku ɗauki hoton mutum ko shanunsa.

Idan kuma kun tashi ranar Lahadi kuna jin har yanzu idonku bai ƙoshi da tsawo ba, kuma kuna iya ƙara kwana ɗaya, akwai hanyar hawa sama ba da ƙafa ba. Daga Serti kwalta ta miƙe zuwa Mayo Selbe, daga nan ta fara nannaɗe dutse tana hawa tudun Mambila, ta Maisamari da Nguroje har Gembu, ƙasar ciyawa da shanu da gonakin shayi na Kakara. A hanyar akwai hawan da ake kira Biyu da Sisi, wanda ake cewa ladan ɗan dakon da ya haura da kaya ke nan a zamanin sulalla. Ƙaramar motarku za ta iya in injinta lafiya yake. Ka dai gaya wa abokinka direba, a gangarowa ya sa ƙaramar giya ya bar inji ya riƙe motar. In ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa, kuma alamar farko ita ce ƙauri kamar na ƙonannen roba. Da ya ji shi ya sami wuri mai faɗi ya tsaya, ku fito ku sha iska har ƙafafun motar su huce.